Adana Takardun Ikilisiya: Nauyin Wa Ne?

A kusan kowace majami'a da muka sani akwai wani kabad ko akwatin ƙarfe a ɗan ɗakin da ke bayan bagade, inda ake ajiye rigunan mawaƙa da kwanukan baiko. Idan aka buɗe shi, a ƙarƙashin tsofaffin littattafan waƙoƙi da fitilar da ta daɗe da lalacewa, za a tarar da littafin baftisma, da na ɗaurin aure, da na taron dattawa, da tarin rasidai da aka ɗaure da roba. Wani littafin bangonsa ya cire, wani ruwan damina ya ɗiga masa har tawada ta baje, wani kuwa gara ta yi masa hanya tun daga shafin farko har na ƙarshe. Idan ka tambayi mabuɗi, sai a ce yana hannun tsohon magatakarda, shi kuwa aiki ya kai shi wani gari tun bara waccan.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo wannan magana cikin mujallar makaranta, wurin da aka saba ganin hotunan 'yan aji shida da labarin wasannin guje-guje? Dalili shi ne, ɗaliban da ke zaune a azuzuwanmu yau su ne ma'aji da magatakarda da dattawan ikilisiyoyinmu na gobe, waɗansunsu ma fastoci. Iyaye da malamai da ke karanta wannan shafi kuwa su ne ke riƙe da mabuɗan a yanzu. Ra'ayinmu shi ne, takardun da ke cikin kabad ɗin nan hakkin mutane ne aka rubuta a cikinsu, kuma idan suka ɓata, wanda ya fi kowa rauni a ikilisiya shi ke fara shan wuya. Dokar ƙasa ta faɗi abin da za a ajiye da tsawon lokacin da za a ajiye shi. Ya kamata mu san abin da ta faɗa, sa'an nan mu yi abin da ya fi shi.

Littafin aure

Bari mu fara da aure, domin a nan ne doka ta fi ɗora wa fasto nauyi kai tsaye. Dokar Aure ta Nijeriya, wadda asalinta tun 1914 ne, ba ta yarda a ɗaura auren doka a kowace majami'a ba sai wadda aka ba lasisi. Kafin ranar biki, ango ko amarya za su kai sanarwa ofishin magatakardan aure, a liƙa ta har kwana 21, in babu wanda ya kawo ƙorafi sai a ba su takardar izini. Fasto ba shi da ikon ɗaura auren sai an miƙa masa wannan takarda. Za a ɗaura shi ne ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 6 na yamma, a gaban shaidu biyu ko fiye ban da faston kansa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne abin da ke biyo bayan an sa hannu. Littafin shaidar aure da ake ba majami'a mai lasisi yana da kwafi biyu ga kowane aure, da wani gutsure da ke saura a jikin littafin. Kwafi ɗaya na ango da amarya ne. Ɗayan kuwa dole fasto ya aika da shi ga magatakardan aure na yankin cikin kwana 7. Littafin kansa doka ta ce a kulle shi da mabuɗi, yana hannun faston, kuma ranar da takardun ciki suka ƙare a mayar da shi ga Babban Magatakardan Aure tare da gutsattsarin duka a cike. Wato littafin ba na majami'a ba ne, ajiya aka ba ta. Saboda haka ne ikilisiya mai lura take da nata littafin dabam, inda take rubuta kowane aure da lambar takardarsa, domin ta sami abin dubawa bayan an mayar da na gwamnati.

To, a ce ga wata mace da aka ɗaura mata aure a majami'a shekara talatin da suka wuce. Mijinta ya rasu bai bar wasiyya ba, takardar aurensu kuwa ta ƙone tare da kayan ɗaki. Dangin miji sun taso suna cewa gidan nasu ne bisa al'ada. A irin wannan shari'a, sau da yawa irin auren da aka ɗaura shi ke nuna wace doka za a bi wajen rabon gado, kuma abu na farko da lauya zai tambaye ta shi ne shaidar auren. Ta je ofishin magatakarda, ba a sami kwafi ba, domin faston wancan lokaci bai aika ba. Ta komo majami'a, aka buɗe kabad, shafin shekarar ya tafi da gara. Waɗanda suka ci shinkafar bikinta suna nan da yawa, kowa ya tuna ranar, amma tunawar mutum ba ta da nauyin takarda a gaban alƙali. Sakacin kwana bakwai ne ya komo kan gwauruwa da marayu bayan shekara talatin.

Fili da amintattu

Abu na biyu shi ne ƙasa. Yawancin majami'unmu na karkara an gina su ne a kan filin da wani sarki ko mai unguwa ko wani tsoho mai bi ya bayar kyauta, da baki, a gaban mutanen da yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya. A lokacin daji ne, ba wanda ya damu. Yau gari ya faɗaɗa, fili ya yi tsada, jikokin mai kyautar kuwa ba su ji da kunnensu ba.

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallakar fili, wadda galibi ta shekara 99 ce, ƙaramar hukuma kuma tana iya ba da izinin zama irin na gargajiya a filayen karkara. Ikilisiyar da ba ta da ɗaya daga cikin waɗannan, ko taswirar safiyo, ko ma 'yar takardar kyauta mai sa hannun shaidu, tana zaune ne bisa alherin maƙwabtanta.

Akwai kuma tambayar sunan wa ke kan takardar. Tun 1924 akwai doka a ƙasar nan da ta ba ƙungiyoyin addini damar yin rajistar amintattunsu domin su riƙe ƙasa da sunan ƙungiya. A 1990 aka shigar da wannan tsari cikin dokar kamfanoni, ƙarƙashin hukumar CAC. Da zarar an yi rajista, amintattun sun zama kamar mutum guda a idon doka, wanda ba ya mutuwa, yana iya mallakar fili, ya kai ƙara, a kuma kai shi. A manyan ɗarikunmu hedkwata ce ke da wannan rajista, saboda haka filin ƙaramar ikilisiya ya kamata ya kasance da sunan amintattun ɗarika. Amma sau nawa muka ji an sayi fili da kuɗin baiko, aka rubuta sunan fasto ko na wani dattijo don a gaggauta, da niyyar za a gyara daga baya? Mutumin kirki ne, ba shi da niyyar cin amana. Sai dai ranar da ya rasu, filin zai shiga lissafin gadonsa, kuma abin da kaɗai zai ceci ikilisiya shi ne rasidin biya da littafin minti inda taro ya yanke shawarar saye.

Wannan littafi na minti, wanda yawancinmu ke gyangyaɗi idan ana karanta shi, yana daga cikin takardu mafi daraja da ikilisiya ke da su. Ko sauya amintacce ɗaya ba ya yiwuwa sai an nuna wa hukuma shawarar da babban taro ya yanke, an buga sanarwa a jaridu, an jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Idan rikicin shugabanci ya tashi, kowane ɓangare na cewa shi aka zaɓa, kotu littafin nan za ta nema. Takardun fili, da takardar rajista, da tsarin mulkin ikilisiya, da minti, ba su da ranar zubarwa. Ana ajiye su muddin ikilisiyar na nan.

Kuɗi da gardamar 2020

A ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda aka fi sani da CAMA. Sashenta da ya shafi ƙungiyoyi masu amintattu ya ce su riƙa rubuta duk kuɗin da ya shigo da wanda ya fita rana da rana, su rubuta kadarorinsu da bashin da ke kansu, su adana waɗannan takardun lissafi har shekara 6 daga ranar da aka rubuta su, su kuma kai wa hukuma rahoto. Amma abin da ya ta da ƙura shi ne sashe na 839, wanda ya ba hukuma hanyar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan ana zargin almundahana ko rashin iya gudanarwa. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, ta fito fili ta ƙi amincewa da shi. A watan Afrilu 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa wannan sashe da waɗansu da ke biye da shi, har da na adana takardun lissafi, sun saɓa wa 'yancin addini da na ƙungiya da tsarin mulkin ƙasa ya tanada.

Mun fahimci tsoron da ya sa shugabanninmu suka tashi tsaye. Iyayenmu ba su manta da shekarun 1970 ba, sa'ad da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu ma ba mu ga dalilin da zai sa wani jami'i ya naɗa wa ikilisiya shugaba ba.

Amma akwai wani kuskure da muke jin ƙamshinsa a bakin waɗansu tun bayan hukuncin, wai tun da kotu ta yi magana, ba sauran wanda zai tambaye mu lissafi. A nan muka rabu da su. Gardamar da aka yi a kotu a kan ikon hukuma ce. Ba ta taɓa hakkin tsohuwar da ta sayar da kazarta ta kawo kuɗin ginin majami'a ba. Ita tana da ikon sanin inda kuɗinta ya shiga, ko da babu wata doka a duniya da ta ce haka. Shekara 6 ma'auni ne mai kyau, ya kamata kowace majalisar ikilisiya ta ɗauke shi ta rubuta cikin ƙa'idodinta da hannunta: littafin baiko da na zakka, rasidai, takardun banki, takardun biyan 'yan kwangila, duk a ajiye su shekara 6 a ƙalla. Rahoton kuɗi na ƙarshen shekara kuwa, wanda mai binciken kuɗi ya sa wa hannu, a haɗa shi da takardun da ba a zubarwa.

Mu tuna kuma, takardun nan garkuwa ce ga ma'aji kansa. Ma'aji nawa ne masu gaskiya suka bar aiki da baƙin jini saboda raɗe-raɗin da babu takardar da za ta kashe shi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ikilisiyar da mutum biyu ke ƙirga baiko, su sa hannu tare, a karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata uku, ta toshe wa mai tsegumi hanya, ta kuma rage wa mai neman kutsa kai daga waje hujja.

Ma'aikata da masu baftisma

Ikilisiya uwargijiya ce ta ma'aikata, ko da ba ta saba kallon kanta haka ba. Tana da mai gadi, da mai shara, da direba, da akawu, wani wuri har da malaman makaranta da ma'aikatan ɗakin shan magani. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci irin su mai gadi da akawu takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3 da farawa, a kuma adana bayanin albashi da na yanayin aiki har shekara 3. Dokar fansho ta 2014 ta ce wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, a asusun ma'aikacin. A ganinmu shekara 3 ta yi kaɗan ga fayil ɗin mutum. Mai bisharar da ya yi shekara arba'in yana yawo daga ƙauye zuwa ƙauye a kan keke, ranar da ya zo karɓar sallama bai kamata a ce masa ya kawo shaidar ranar da ya fara aiki ba. Ikilisiyar da ta aike shi ita ya kamata ta buɗe fayil ta nuna masa.

Littafin baftisma da na miƙa yara shi ma ba shi da ranar zubarwa. Kafin dokar 1992 da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mutane da yawa a garuruwanmu ba su da wata shaidar shekarunsu sai katin da majami'a ta ba iyayensu. Yau takardar hukuma ce shaidar haihuwa, kuma muna roƙon iyaye kada su ɗauki katin majami'a a madadinta. Duk da haka, ga tsofaffinmu, layi ɗaya a cikin wancan littafi shi ne wuri na farko da aka taɓa rubuta sunansu a duniya.

Abin da bai kamata a ajiye ba

Kada a ɗauka muna cewa a tara kowace takarda har abada. A watan Yuni 2023 aka kafa Dokar Kare Bayanan Mutane, wadda ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da ke bukatar kariya ta musamman, ta kuma ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake bukatarsa. Ofishin fasto cike yake da irin waɗannan: sakamakon gwajin jini da masu shirin aure suka kawo, wasiƙun horo, sunayen waɗanda aka taimaka da kuɗin asibiti, lambobin wayar membobi. A waɗansu wurare ma jerin sunayen sababbin masu bi abu ne da zai iya jefa rai cikin hatsari in ya faɗa hannun da bai dace ba. Mun taɓa sayen ƙosai aka naɗe mana shi da takardar wani ofishi mai ɗauke da sunan mutum da albashinsa. Kada mu bari takardun ikilisiya su bi wannan hanya. Wadda wa'adinta ya cika, majalisa ta amince, mutum biyu su ƙone ta, a rubuta a minti cewa an ƙone. Wadda ke da asiri kuwa a raba ta da sauran, mabuɗinta a hannun fasto kaɗai.

"Ai mu 'yan'uwa ne"

Amsar da muka fi ji idan aka ta da wannan magana ita ce, ai mu 'yan'uwa ne, aikin Allah ba aikin kamfani ba ne, rubuce-rubucen nan alamar rashin yarda da juna ce. Muna ganin Littafi Mai Tsarki kansa bai goyi bayan wannan tunani ba. A Irmiya sura 32, annabin ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan'uwansa na jini, ɗan baffansa, a lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima. Bai ce ai ɗan'uwana ne ba. Ya auna azurfa shekel 17 a gaban shaidu, aka rubuta takarda kwafi biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. A Ezra sura 6 kuwa, aikin sāke gina Haikali ya sami ci gaba ne domin an bincika ma'ajiyar takardun sarki aka sami umarnin da Sairus ya bayar tun shekarun baya. A sura ta 2 ta wannan littafi, waɗansu iyalai sun rasa matsayinsu na firistoci domin an nemi sunayensu a rubuce ba a samu ba.

Yarda da juna abu ne mai kyau, amma tana tsakanin mutanen da suka san juna ne. Takarda ana rubuta ta domin waɗanda za su zo bayan masu yardar sun kwanta dama.

Wuta da ruwa

Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin yadda takarda ke ɓacewa cikin dare ɗaya ba. A watan Maris 1987 rikicin da ya fara a Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibada masu yawa. An sāke ganin haka a Kaduna a 2000, da Jos a 2001. A watan Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi a Jihar Adamawa, ma'aikata suka tsere da abin da hannu ya iya ɗauka, ofishin ya koma Jos na ɗan lokaci. A watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni da yawa a Maiduguri. Gini ana sāke shi, kujeru ana sāke saye, amma littafin aure na shekara hamsin in ya tafi ya tafi ke nan, sai fa in akwai kwafinsa a wani wuri.

Wannan dabara tsohuwa ce. A Ingila, a 1538, aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza kowace Lahadi, a ajiye littafin cikin akwati mai makulli biyu, mabuɗi ɗaya a hannun limami, ɗaya a hannun wakilan jama'a. Daga 1598 aka ƙara da cewa a rubuta a kan fata mai ƙarko, a kuma aika wa bishop kwafi kowace shekara. Saboda haka a wurare da yawa da littafin majami'a ya ɓata, kwafin bishop ya tsira. Masu mishan da suka zo mana sun zo da wannan ɗabi'a. Wasiƙun ma'aikatan CMS, ƙungiyar da ta kafa Wusasa, suna ajiye har yau a Jami'ar Birmingham. Abin kunya ne a ce ɗalibinmu zai fi saurin samun labarin kakansa a Ingila ko a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna fiye da majami'ar ƙauyensu.

Yau aikin ya fi sauƙi. Wayar hannu mai kyamara ta isa ta ɗauki hoton littafi shafi shafi cikin yini ɗaya, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe hanyar karɓar takardun da aka fitar daga kwamfuta a kotu, in an cika sharuɗɗanta. Sai dai hoto ba ya maye gurbin asali, waya kuma tana ɓata, tana lalacewa. A adana asalin, a kai kwafi ɗaya ofishin gunduma, ɗaya hedkwata, kada a bar shi cikin wayar mutum ɗaya.

Abin da muke roƙo

Ga dattawa da fastoci, roƙonmu shi ne a sa wannan magana cikin ajandar taro na gaba. A buɗe kabad a gaban majalisa, a rubuta jerin abin da ke ciki da abin da ya ɓata. A sayi akwatin ƙarfe mai makulli biyu, a ɗora shi a kan dakali nesa da bango da inda rufi ke yoyo. A riƙa rubutu da biro mai kyau cikin littafi mai ɗinki, ban da fallayen takarda. Ranar da fasto zai tashi ko magatakarda zai sauka, a miƙa takardu ɗaya bayan ɗaya, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu. Ikilisiyar da ba ta da takardar filinta ta fara nema yanzu, tun sauran tsofaffin shaidu na da rai, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan kowace gunduma tana da lauya ko akanta cikin membobinta, a nemi shawararsu, domin dokoki suna sauyawa. Masu cewa babu kuɗi kuwa, su kwatanta kuɗin akwati da littafi da abin da muke kashewa a kan lasifika ko abincin taro guda.

Ga hukumar makarantarmu, ita ma tana da nata kabad. Littafin shigar ɗalibai da sakamakon jarrabawa su ne abin da tsohon ɗalibi zai komo nema bayan shekara ashirin, sa'ad da takardarsa ta ɓata kuma aiki ko karatu na jiransa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuma, dogon hutu na zuwa. Ku je wurin fastonku da ladabi ku ce, "Baba, muna so mu taimaka a gyara takardun ikilisiya." Ku share ƙura, ku jera littattafai bisa shekara, ku kwafe shafukan da tawadarsu ta fara dushewa, ku ɗauki hoto in an ba ku izini, abin da aka ce asiri ne kuma ku bar shi a rufe. Ku zauna da tsofaffi ku rubuta wanda ya ba da fili, da inda iyaka ta tsaya, da waɗanda suka shaida, a karanta musu su sa hannu. Mai yiwuwa cikin aikin nan wani zai ci karo da sunan kakarsa, da ranar da aka yi mata baftisma a rafi, da rubutun hannun wani malamin da bai taɓa gani ba. Wancan malami ya yi nasa. Shafukan da suka saura a littafin namu ne.

Allah ya ba mu aminci cikin ƙaramin abu da babba. Amin.